Kwana Hamsin da Biyu Ana La'asar

'Yan uwa masu karatu, gaisuwa daga Garwa, inda yanzu haka fanka ke hura mana wuta a maimakon iska. Ku gyara zama. Yau asirin kaina zan tona, kuma wanda zai yi mini dariya ya yi ta a ɓoye, don ni har yanzu abin bai sake ni ba.

Ga wanda yau ya fara bina, sunana Kaltumi, 'yar Alhaji Hamadu mai atamfa ta unguwar Yelwa. Shekarata ashirin da shida. Ina aiki a wani ɗan shagon buga takardu da fotokofi kusa da lise, wato makarantar sakandare. Amma babban muƙamina ba a shago yake ba, a cikin waya yake. Ni ce Uwar Agogo ta Tsibirin Dorina.

Kada ku wahalar da kanku neman Tsibirin Dorina a taswira. Mu tara muka ƙirƙire shi a wani gurup, muka dasa shi a tsakiyar kogin Binuwai, kowa ya ɗauki mutumin da zai zama. Sai ka rubuta abin da mutuminka ya yi da abin da ya faɗa, wani ya karɓa ya ɗora nasa, labari ya yi ta tafiya. Ni ce Dijatu mai suyar makala, irin fanken nan namu, a bakin kwata inda kwalekwale ke tsayawa. Ƙawata Delphine, 'yar Yagwa da muka yi lise tare, wadda yanzu ungozoma ce ta gaske, ita ce matar Sarkin Kasuwa. Sarkin Kasuwar kuwa Léon ne, malamin lissafi, mutumin da ko gaisuwa ka yi masa sai ya samo kuskure a ciki. Da Hausar kasuwa muke wasan, don ita ta haɗa mu duka. In faɗa ya tashi a koma Faransanci. Wanda kuma zai yi maganar da ba ta cikin wasa ba, sai ya fara da "Waje", don a san shi ne da kansa ke magana.

Da farko kara zube muke. Wannan ya rubuta gari ya waye, wancan ya rubuta an yi isha'i, wata ta ce tana shanya wanki a rana. Akwai ranar da wata a cikinmu ta yi aure, ta ɗauki ciki, ta haihu, aka yi suna, duk a yini ɗaya, alhali Sarkin Kasuwa bai gama shan shayin da aka zuba masa tun kafin a kai gaisuwar auren ba. Léon ya ce shi ba zai zauna a garin da jariri ke riga shayi hucewa ba. Daga nan aka ce dole a sami mai riƙe lokaci, kuma tunda ni ce ke yini gaban na'ura, aka ɗora mini.

Na kuwa riƙe da ƙarfi. Ba mai cewa gari ya waye sai ni. Ba na tura agogo sai duk wanda ke cikin zance ya faɗi tasa. Wanda ya yi kwana uku shiru, in tura mutuminsa ƙauye gaishe da dangi, mu ci gaba da rayuwa. Babbar dokar kuwa, wadda na liƙa a saman gurup kowa na gani, ita ce lokaci ba ya komawa baya. Abin da aka rubuta ya rubutu.

Léon ne ya fara ɗanɗana ta. Ya tafi gyaran takardun jarrabawa, kafin ya dawo jakin Sarkin Kasuwa ya faɗa kogi, dorina ta yi gaba da shi. Wayyo, mutumin nan ya roƙe ni kamar jakin gaske ne. "Waje: Kaltumi, don girman Allah mayar da mu jiya, minti biyar kawai, in ɗaure shi."

Na ce, "Waje: Allah ya ba ka haƙuri, Malam. Jaki ya riga mu gidan gaskiya."

Ku riƙe maganar jakin nan, za ta dawo.

Yanzu bari in zo inda gizo ke saƙa. Akwai Youssouf. Ma'aunin auduga ne a kamfanin auduga, irin waɗanda ake turawa ƙauyukan bayan Tuboro da sikeli idan kaka ta yi. A wasa shi ne Mai-jirgi, mai fiton mutane da kwalekwale. A zahiri sau uku kacal na taɓa ganinsa, duk a shagonmu. Dogo, baƙi, mai kunya kamar sabuwar amarya. Zuwan farko takardar aiki ya kawo. Na biyu ya kawo takardar da na riga na yi masa kofinta. Na uku ya miƙo mini farar takarda, ba ko ɗigo a jikinta, ya ce guda biyu yake so. Na danne dariya na buga masa guda biyu, ya karɓa da hannu bibbiyu ya ce "Useko," godiyar Fulatanci, ya fita har yana tuntuɓe da dokin ƙofa.

Baki ba ya iya magana, amma yatsunsa, ina! In Mai-jirgi ya zo sayen makala, sai ka ji kamar kana jin ƙanshin man. Wata shida yana saye, bai taɓa ce wa Dijatu komai ba sai "ƙara mini yaji". Kuma yana da wata ɗabi'a ta masu sikeli, yakan sa wa saƙonsa rana da kwanan wata a sama, kamar takardar ofis.

A daji babu rezo, wato sabis ɗin waya. Duk mako sai ya hau wani dutse, ya ɗaga waya sama, ya karanta abin da ya wuce ya rubuta nasa. Saboda shi na sassauta dokar kwana uku ta zama mako guda, na ce don adalci ne. Delphine ta turo mini hoton ido biyu.

Ranar Alhamis, uku ga Fabrairu, a wasa ma Alhamis ce da la'asar. Matar Sarkin Kasuwa ta fara naƙuda, an aika kiran ungozoma. Sai ga rubutun Youssouf ya faɗo:

"Mai-jirgi ya ɗaure kwalekwale, ya wanke ƙafa, ya sa hularsa ta Juma'a alhali Alhamis ce. Ya wuce kwata bai tsaya ba, ya miƙe har gidan su Dijatu. Ya ɗaga ƙafa ɗaya zai taka dokin ƙofa, ya ce, salamu alaikum, Dijatu, akwai wata magana da na daɗe ina..."

Shi ke nan. A nan ya tsaya.

Ina cikin buga wa wani ɗalibi takarda lokacin, sai da na rubuta sunan yaron sau biyu. Na ɗauki waya, na rubuta cewa Dijatu ta amsa sallama daga ciki tana neman mayafi. Na zauna jira.

Mako ya zagayo, shiru. Na kira layinsa, a kashe. Mako na biyu ma haka. Bisa dokata, ya kamata in tura Mai-jirgi ƙauye in ce gari ya waye. Na kasa. In na tura agogo, maganar da ya fara ta bi ruwa, tunda lokaci ba ya komawa baya, kuma ni na san ba Dijatu kaɗai ake wa sallamar nan ba. Sai na rubuta, "Har yanzu la'asar ce." Washegari ma na rubuta haka. Na ci gaba da rubuta haka kullum kamar mai shan magani.

Jama'a, kun san abin da ake nufi da gari ya tsaya a la'asar? Ba wanda zai ci tuwon dare, ba wanda zai kwanta, kasuwa ba za ta tashi ba. Da farko mutane suka yi ta ƙirƙirar abin yi. Aka share kwata sau bakwai. Sarkin Kasuwa ya yi alwala har fatarsa ta kusa saɓulewa. Daga baya haƙuri ya fara ƙarewa.

Léon ya rubuta, "Waje: Madam Agogo, ranar garin nan ƙusa aka buga mata?"

Na ce, "Waje: Akwai zancen da ba a gama ba."

"Waje: Mutum ya yi kwana talatin da ƙafa ɗaya a sama! Ko zalɓe ne shi ai ya gaji."

Mutum biyu suka fice daga gurup ba sallama. Sauran suka koma turo hotunan abinci. Wasan da muka yi shekara biyu muna ginawa ya fara mutuwa a hannuna, ina gani, ina kuma sake rubuta la'asar.

Rannan da rana tsaka Delphine ta diro daga moto, wato babur, a ƙofar shagonmu, da farar rigar aiki da robar folere, wato zoɓo, mai sanyi a hannu. Ko zama ba ta yi ba.

"Kaltumi, ke ba ki da tsoron Allah? Kwana arba'in da shida ina naƙuda! Ni da nake karɓar haihuwa kullum, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ki bar ni in haihu in huta."

"Ki ƙara haƙuri, ya kusa dawowa."

"Wa ya faɗa miki?" Ta ja kujera, ta rage murya. "Ma chérie, na sa an tambaya. Gaston, direban babbar motar audugar nan mijin ƙanwata, ya wuce ta ƙauyen da suke awo. Ya hango shi."

Na ce, "Lafiyarsa?"

"Ƙalau. Yana kan sikeli yana dariya da manoma. Gaston ya ce har ƙiba ya yi."

Da cewa ta yi ba shi da lafiya, wallahi da na fi samun sauƙi. Ƙiba! Ni ina nan zanena na zamewa daga ƙugu, na tsayar da rana saboda shi, na sa baiwar Allah naƙudar wata ɗaya da rabi, shi yana can yana tara kumatu. Na ji haushi, na ji kunya, na shanye mata folerenta tas ban ce na gode ba.

A gida kuma wata wutar ce. Akwai Shu'aibu, ɗan abokin cinikin Baba, mai shagon yadi a babbar kasuwa. Kada ku sa ran in zage shi, ba shi da abin zagi. Yana da tsafta, yana da ladabi, yana ƙanshin turare tun daga zaure. Kullum ƙarfe bakwai daidai saƙonsa ke shigowa, "Barka da asuba, ranki ya daɗe," da hoton fure. Inna ta ce ko agogon bango ya tsaya, da saƙon Shu'aibu za a gyara shi. Wata biyar yana zuwa, ni kuma ina ta ba shi "sai na yi tunani".

Inna ta gaji da ni. "Ke Kaltumi, wayar nan ce za ta aure ki? Sa'o'inki na goye da na biyu, ke kina nan kina soya makalar da ba a ci."

Ashe ta san da Dijatu. Ƙanwata ce ta kai rahoto, Allah ya isa.

Baba kuwa ba mai hayaniya ba ne. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. Ya kira ni falonsa, yana zaune kan darduma da carbi da tsohon agogonsa na hannu mai baƙin maɗauri.

"Uwata, ni ba zan ɗaura miki abin da ba ki so ba. Amma ɗan mutane ba turmin atamfa ba ne, da za a ce ajiye mini zan dawo. Azumi saura mako. Ranar Lahadi ina son amsa, e ko a'a. In kuma akwai wani, ya fito mu gan shi."

Na sunkuyar da kai. In ce masa me? Akwai wani, Baba, yana tsaye da ƙafa ɗaya a ƙofar wani gida da babu shi?

Lahadi ta zo, kwana hamsin da biyu cif. Tun safe zafi ya sauko, aka ɗauke wuta, kowa ya fito tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro. Na yi wanka, na ɗauko atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda Baba ya ce ba a sayar da irinta ga kowa ba. Na kafa ɗauri, na sa kwalli, na tsaya gaban madubi na ce wa kaina, Kaltumi, ya isa. Mutumin da ke da lafiyar yin ƙiba yana da lafiyar aron waya.

Na sami Inna tana gyaran kifi a bakin rijiya. Na ce, "Inna, ki faɗa wa Baba na amince da Shu'aibu."

Ta saki wuƙar, ta rangaɗa guɗa da hannu duk ƙaya. Kafin in koma ɗaki magana ta isa falo.

Saura abu ɗaya. Bayan azahar na zauna bakin gado, na buɗe gurup. Na ce tunda zan tura agogo, ba kwana ɗaya zan tura ba, don kada in waiwaya. Na rubuta:

"Rana ta faɗi a Tsibirin Dorina. Damina ta zo ta wuce. Bayan shekara guda."

Kai! Kamar an buɗe wa awaki ƙofa. Cikin minti goma Delphine ta haihu, tagwaye, har sun fara tafiya. Léon ya ci tuwo kwano uku a jere. Waɗanda suka fice suka ce a mayar da su. Sai wata 'yar neman magana ta rubuta cewa ai Dijatu ta daɗe da aure, wani mai shagon yadi ya ɗauke ta, an sha biki da kalangu. Kowa ya sa dariya. Ni ma na sa hoton dariya, hawaye na ɗiga a kan gilashin wayar.

Ban fi awa ɗaya a haka ba, wayar ta yi ƙara. Ba a gurup ba, ni kaɗai aka turo wa. Na ga sunan, sai da na goge ido da gefen ɗankwali. Youssouf.

"Alhamis, 3 ga Fabrairu. Waje: Kaltumi, maganar da Mai-jirgi ya fara, tawa ce. Ba zan iya ƙarasa ta a gaban mutane ba, kuma kin san bakina. Ina son ki da aure. Gobe za a tura mu can ciki, ba zan sake samun dutse ba sai an gama awo. Ba sai kin ba ni amsa da baki ba, kada in sa ki jin nauyi. In kin yarda, ki bar agogo inda yake har in dawo. In ba ki yarda ba, ki tura shi gaba, zan gane."

Na karanta kwanan watan. Na sake karantawa. Uku ga Fabrairu! Saƙon nan kwana hamsin da biyu ya yi a maƙale cikin wayarsa bai fita ba, sai yau da ta ga rezo. Ashe duk la'asar ɗin da nake rubutawa, e nake cewa ban sani ba. Kwana hamsin da biyu ina cewa e, na zo na ce a'a saura awa ɗaya.

Kafin in haɗiye yawu, rubutunsa ya fito a gurup.

"Lahadi, 27 ga Maris. Waje: Jama'a ku yafe mini, wayata ta faɗi a kan dutse tun ranar nan, yau aka gyara ta a Ngong. Na ga agogo. Na gane. Allah ya ba da zaman lafiya. Useko."

A ƙasa aka rubuta cewa Youssouf ya fita.

Ku gane mini namiji! Bai ko duba ya ga saƙon nasa yanzu ya tafi ba. Shi a ransa na karanta tun Fabrairu, na yi tunani, na tura shekara guda har da biki da kalangu. Na kira shi, ta yi ta ringi bai ɗauka ba. Na sake kira, ya katse. Na rubuta masa bayani mai tsawo, ko buɗewa bai yi ba. Na san irinsu, kunya da zuciya in suka haɗu, sai ya koma daji ya shekara.

Delphine ta kira. "Me ya gane? Me ke faruwa?"

Na karanta mata saƙon ina shessheƙa. Ta yi salati irin namu, ta ƙara da nasu na coci.

"To me kike jira? Ba zai karanta bayaninki ba, amma agogo zai karanta. Da shi ya tambaye ki, da shi za ki amsa."

"Lokaci ba ya komawa baya, Delphine. Ni na kafa dokar."

"Ke kika kafa, ke za ki ci abinki. Ni na yarda in koma naƙuda. Kin san abin da nake faɗa kuwa? Tagwaye zan mayar ciki saboda ke!"

Na share hawaye. Na shiga gurup, na cire dokar da ta shekara biyu a sama, na mayar da Youssouf ciki da hannuna. Na rubuta:

"Uwar Agogo ta yi kuskure. Babu shekarar da ta wuce, babu damina, babu biki. Yau Alhamis ce, la'asar, a Tsibirin Dorina. Dijatu ta sami mayafinta. Ta buɗe ƙofa, ta ce, ina jin ka, kwana hamsin da biyu ke nan ina jin ka."

Gurup ya kama da wuta. Faransanci ya yi ta zuba kamar ruwan Agusta. Léon ya rubuta da manyan baƙaƙe, "WAJE: JAKINA FA? In ana komawa baya, a dawo mini da jakina!"

Na ce, "Waje: Dorina ta amayo shi, Malam, yana bakin kwata yana jiran ka. Don Allah yi mini shiru."

Delphine ta rubuta, "Waje: Kowa ya yi tsit. Youssouf, duba lokacin da saƙonka ya shiga wayarta, sakarai kawai."

Aka yi tsit kuwa. Mutum takwas, ba mai ko tari. Na ga alamar ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Na cije gefen mayafina har sai da na ji zare a haƙori. Can sai ga shi.

"Mai-jirgi ya sauke ƙafarsa."

A ƙasa kuma, "Waje: Ta yi tsami sosai. Kaltumi, da gaske?"

"Waje: Da gaske. Amma ka bar rubutu, ka taho Garwa yanzu. Da safe na ba da wata amsa a gida."

"Waje: Ina tashar Ngong. Bappana yana unguwar Rumde Ajiya a Garwa, zan kira shi ya same ni a gadar Binuwai."

Daidai nan aka kira la'asar ta gaske a masallacin unguwa. Na yi salla, ban san me na karanta ba, Allah ya yafe mini. Ina sallamewa na ji muryar Baba ya dawo. Na gyara ɗauri, na wuce Inna da ke ta lissafa wa maƙwabciya irin kwanukan da za a saya, na yi sallama a falo na durƙusa.

"Uwata, na ji saƙonki. Allah ya yi miki albarka."

"Baba... akwai wani."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Da safe babu shi, da la'asar akwai shi? Daga sama ya faɗo?"

"Daga Tuboro, Baba. Yana hanya. Sunansa Youssouf, ma'aunin auduga ne. Laifina ne, ban san ya riga ya yi magana ba."

"Uwata, shekara arba'in ina kasuwa, ban taɓa cewa na sayar in dawo in ce ban sayar ba. Magana in ta fita ba ta komawa."

Na ji kamar muryata nake ji, ranar da na yanke wa Léon hukuncin jaki. Na ce a hankali, "Na sani, Baba. Ni ma haka nake cewa, har yau da rana."

Ban san abin da ya gani a fuskata ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya kwance agogon hannunsa, ya ajiye shi kan darduma tsakanina da shi.

"Ban riga na faɗa wa kowa a waje ba. Bayan magariba zan haɗu da kawun Shu'aibu a masallaci, yana jiran amsata. In wanda kike faɗa ya yi sallama a ƙofar gidan nan da babbansa kafin a kira salla, zan saurare shi. In bai zo ba, maganar safe ita ce magana, kuma ba ni na faɗe ta ba, ke ce. Kin yarda?"

"Na yarda, Baba."

Daga Ngong zuwa Garwa tafiyar awa ɗaya ce, in hanya ta yi kyau, in ba a tsaya wa jandarma ba, in shanu ba su tare gada ba. Na zauna a gefen darduma, waya a cinya, idona kan agogon nan mai baƙin maɗauri. Shekara biyu ina cewa rana tsaya ta tsaya, tafi ta tafi, amma wannan ko kallona bai yi ba, tafiyarsa kawai yake yi.

Wayar ta yi motsi. Na leƙa ta ƙarƙashin mayafi.

"Lahadi, 27 ga Maris. Waje: Na shiga mota. Direba ya ce ba zai tashi ba sai ta cika. Saura mutum uku."

Ƙarfe biyar saura kwata. Na ɗaga kai na dubi taga, rana ta riga ta sauko kan dogon yaron gidanmu, kuma wallahi tun da nake ban taɓa ganin ta tana sauri irin na ranar nan ba.